Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Malaman Jami'a Masu Binciken Siminti da Kayan Gini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, malamai. Ina gaishe ku da aiki, ku da ɗalibanku na sassan injiniya da gine-gine a jami'o'inmu na Arewa. Allah ya ƙara basira, ya sa a gama lafiya.

Ni mai buga bulo ne a bayan garin Kano. Shekara goma sha tara ke nan ina wannan sana'a. Kafin nan na yi wa mahaifina leburanci, Allah ya jiƙansa, shi maginin ƙasa ne, irin masu ɗora tubali su yi ɗaurin guga. Na yi difloma a fannin gini, saboda haka ina iya karanta abin da kuke rubutawa, ko da yake sai na zauna na nutsu. Ina da injin buga bulo biyu, kuma mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a filina. Na faɗi wannan ne don ku san daga inda maganar ta fito: daga wurin da buhun siminti ke ƙarewa ya zama bango.

Kusan kowace shekara, idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, ɗalibai kan zo wurina daga makarantu na kusa da na nesa. Su yi sallama cikin ladabi, su sayi bulo shida ko goma, su tambaye ni buhu ɗaya bulo nawa yake fitarwa, yashin daga ina, kwana nawa nake ban ruwa. Wasu su zo da toka ƙulle a leda, wannan ta ɓuntun shinkafa, wancan ta totuwar masara, wani ta ɓawon gyaɗa, su roƙi in ara musu inji su buga nasu. Ban taɓa hana kowa ba. Nakan tsayar da aiki na rabin yini, in sa yarana su taya su kwaɓi. Su loda a adaidaita-sahu su tafi, daga nan shiru. A duk shekarun nan, ɗaliba ɗaya ce ta dawo, kuma dawowarta ce ta haifi wannan wasiƙa.

A farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama, ciniki ya tsaya mana cak. Masu gini suka ajiye aiki a linta, wasu a harsashi. Sai na tuna tokar da ɗalibai ke kawowa. Na je bayan wani injin casar shinkafa inda ɓuntu ya yi tudu yana cin wuta a hankali dare da rana, na cika buhu takwas da toka, ba wanda ya karɓi ko kwabo a hannuna. Na rage siminti kashi ɗaya cikin biyar na cike da tokar, na buga bulo ɗari uku masu inci tara, na ba su ruwa safe da yamma kamar yadda na saba. Bayan mako biyu na sa babban yatsa a kusurwar ɗaya, sai ta marmashe kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska. Na gwada na biyu, na gwada na goma, duk haka. Na sa aka farfasa su gaba ɗaya aka yi ciko da su, domin ba zan sayar wa mutum abin da zai faɗo wa 'ya'yansa a ka ba.

Ana nan sai ga ɗalibar nan ta zo yi mini godiya, ta gama karatunta. Na nuna mata ragowar tokar. Ta ɗiba ta murza tsakanin yatsunta, ta ce, “Baba, wannan ai baƙa ce, kuma da tsakuwa-tsakuwa. Ba ta ƙone daidai ba.” Ta zauna a kan bulo ta yi mini bayani. Tokar ɓuntu kusan dukkanta silika ce. Idan siminti ya sha ruwa yakan saki wani sinadari mai kaifi wanda shi kansa ba ya ƙara wa gini wani ƙarfi, to silikar ce ke kama shi, su haɗu su zama ƙarin danƙo mai riƙe yashi. Amma sai an ƙona ɓuntun da wuta mai ma'auni, wajen digiri 600 zuwa 700. Idan wutar ta gaza, gawayi ya rage a ciki, shi ne baƙin da na gani, yana shan ruwa yana raunana bulo. Idan wutar ta zarce, silikar ta daskare ta koma kamar yashi, ba ta kama komai. Bayan ƙonawar kuma sai an niƙa ta ta yi laushi kamar simintin kansa. Minti goma ta yi tana magana. Da na ji wannan wata ɗaya kafin nan, da ban yi asarar bulo ɗari uku ba.

Malamai, wannan ilimin yana hannunku shekara da shekaru. Yana cikin kundaye masu baƙin bango da aka jera a kanta, yana cikin mujallun da ake bugawa da Turanci a ƙasashen waje. Mu da muke juya shebur kullum ba mu san da shi ba. Kukana ke nan.

Bayan tafiyarta na shiga karatu da waya, dare bayan dare, don in gane me ya sa siminti ke da tsada haka, kuma me ya sa duniya ke ta maganar canza shi. Sai na tarar tsadar da hayaƙin uwarsu ɗaya, wato wuta. Ana haƙo dutsen siminti, irin wanda ke Kalambaina da Ashaka da Obajana da Malbaza ta Nijar, a niƙa shi da yumɓu, a zuba a tanderu mai juyawa har zafi ya kai digiri 1,450. Abin da ke fitowa shi ne kilinka, ƙwallaye masu tauri da ake niƙawa da ɗan jifsam, wani farin dutse mai laushi, su zama garin da muke saye. Gawayi ko gas ɗin da ake hura wannan wuta da shi kuɗi ne, hayaƙi ne kuma. Sannan dutsen da kansa, idan ya ƙone, yana sakin iskar kabon da ke ɗaure a jikinsa, har ma fiye da rabin iskar da masana'antar ke fitarwa daga nan take, ba daga makamashi ba. Duniya na yin siminti wajen tan biliyan huɗu a shekara, kuma kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke saki daga wannan sana'a take fitowa. Ba zan ɓoye muku ba, ba a taɓa samun mai sayen bulo da ya tambaye ni zancen hayaƙi ba, farashi yake tambaya. Amma tunda duk wanda ya rage kilinka a buhu ya rage wuta, to mai neman sauƙi da mai tsoron ɗumamar yanayi hanyarsu ɗaya, kuma wannan sa'a ce da bai kamata a yi sakaci da ita ba.

A cikin karatun nan na ci karo da aikin wasu takwarorinku, kuma shi nake so mu tsaya a kai. A kwalejin fasaha ta Lozan a ƙasar Suwizalan, Farfesa Karen Scrivener da abokin aikinta Farfesa Fernando Martirena na jami'ar da ke Santa Kilara a Kuba, tare da manyan cibiyoyin fasaha na Indiya a Delhi da Madras da Bombay, sun haɗa wani siminti da suke kira LC3. Kun san shi fiye da ni, amma bari in faɗa don masu karatu. Rabi ne kawai kilinka. Kashi 30 cikin ɗari ƙonannen yumɓu ne, kashi 15 ɗanyen dutsen siminti da aka niƙa ba tare da an ƙona ba, kashi 5 jifsam. Yumɓun ba ya buƙatar wutar da ta wuce wajen digiri 800, kuma ba ya sakin iskar kabon daga jikinsa yadda dutsen ke yi. Da haka ake rage hayaƙi har kusan kashi 40 cikin ɗari, ƙarfin kuma ya kamo na simintin da muka sani. Wani abin da ya fi burge ni shi ne ba sai farar ƙasa mai daraja irin ta yin tangaran ba. Yumɓun da ke da kawolin, wato sinadarin farar ƙasar, kamar kashi 40 cikin ɗari ya wadatar, har wanda masu haƙa ke turewa gefe a matsayin shara.

Haɗin da kansa abin yabo ne, amma abin da ya hana ni barci shi ne tafiyar da suka yi da shi bayan sun gano. Ba su tsaya a ɗakin gwaji ba. Tun 2013 suka shiga wata masana'antar siminti a Kuba suka yi gwaji da manyan injuna. Daga 2014 hukumar raya ƙasashe ta Suwizalan ta ɗauki nauyin aikin. Suka yi gwaji a Indiya, suka gina gidaje da shi don mutane su gani su taɓa. Sannan suka bi masu rubuta ƙa'idojin inganci, domin sun san babu kamfanin da zai zuba abu a buhu, babu injiniyan da zai sa hannu, sai doka ta san da shi. A 2021 Turai ta fitar da ƙa'idar da ta yarda da siminti mai rabin kilinka, Indiya ta fitar da tata a 2023. Yau a Kolombiya ana ƙona yumɓu a masana'anta, kuma a nan kusa da mu, a Tema ta ƙasar Ghana, an kafa katafaren tanderun ƙona yumɓu, saboda Ghana ta daɗe tana sayo kilinka daga waje da kuɗin ƙetare. Shekara goma da ɗoriya suka yi suna bin abu ɗaya, daga kwalbar gwaji har bakin tirela.

Mu fa? Kawolin na nan a Ƙanƙara ta jihar Katsina, yana nan a Alkaleri ta jihar Bauchi, ana haƙa ana lodawa. Ɓuntu kuwa sai wanda ya gani. Kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, ku duba yawan injinan casa da suka cika Kano da Kebbi da Jigawa a shekarun nan. Ana ƙona shi a fili, hayaƙin na shiga gidajen mutane, tokar iska na kwashewa. Jar ƙasa kuma a kanta muke tafiya.

Kuma kada a ce wannan tunani baƙo ne a wurinmu. Mahaifina ya nuna mini yadda ake haɗa laso: katsi, wato ragowar da ake kwashewa daga rijiyar marina a ƙona, da gashin jima daga majema, da dafara. Da shi ake dalaye rijiyoyin rini su riƙe ruwa shekara da shekaru, da shi ake shafe rufin soro. Makuba kuma daga kwasfar ɗorawa ake samunta, a shafe bango ruwan sama ya zame. Sharar wata sana'a ta zama kayan aikin wata, ai abin da ake kira sabon ilimi ke nan yau. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da ƙasa da azara, bakan gizonsa na tsaye har gobe. A Yama ta jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, duk a jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da matsattsen bulon ƙasa, aka gama a 2018, tsohon masallacin kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, kuma da maginan garin aka yi aikin. Masu haɗa laso a Kano yau ba su da yawa, kuma tsufa ya kama su. Idan ba ku zauna da su kun auna abin da ke cikin haɗinsu ba, za su tafi da shi.

Yanzu bari in faɗi abin da ke ba ni tsoro, domin ni ma ina da laifin da zan ɗora wa sana'ata. Maigidan da ya koya mini buga bulo ya ce buhu ɗaya, bulo talatin masu inci tara, kada in wuce. Yau na san filayen da ke fitar da hamsin, har da ɗoriya, a ba su ruwa kwana ɗaya a loda wa mai saye. Shi kuma mai saye arha yake bi, bai san bambanci ba sai damina ta yi nisa. Idan labari ya bazu a bakin mutane cewa malaman jami'a sun ce ana iya rage siminti a zuba toka, ba tare da ma'auni ba, ba tare da an ce wace irin toka ba, to an ba maha'inta lasisi. Za a kwashi tokar murhu a zuba, a ce ilimi ne. Ni da niyyata mai kyau na yi kuskuren nan, ina ga wanda ya shigo da niyyar cuta? Rabin labari ya riga ya fita, ɗalibanku sun kawo shi filayenmu a leda. Saura rabin da ke kare rai, shi ne har yanzu ke kulle a wurinku.

Saboda haka abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Ku ba mu takarda ɗaya, shafi ɗaya tak, da Hausa, da boko da ajami in ya yiwu. A rubuta ta da ma'aunin da muke aiki da shi: baro nawa na yashi, kwanon sarki nawa na toka ko ƙonannen yumɓu, buhu nawa, bokiti nawa na ruwa, kwana nawa na ban ruwa. A sa hoton toka mai kyau da marar kyau gefe da gefe. A faɗi inda aka yarda a yi amfani da haɗin da inda aka hana, katangar gida daban, ginshiƙin bene daban. A kuma amsa tambayar da kowane mai bulo zai fara yi: kwana nawa kafin in ɗaga bulon daga ƙasa in jera? Mu fili ne jarinmu, idan bulo ya ƙara kwana biyu a shimfiɗe, injin ya tsaya. Na karanta cewa irin waɗannan haɗe-haɗe kan yi jinkirin kamawa a kwanakin farko kafin su cim ma na yau da kullum, to a gwada a zafin Kano na watan Afrilu da kuma sanyin hunturu, a gaya mana gaskiyar abin da aka gani, ko da bai yi daɗi ba.

Takardar ba za ta yi amfani ba idan babu inda za a sayi tokar da aka ƙona daidai. Wannan ya fi ƙarfin mai bulo ɗaya. Amma sashen injiniya guda zai iya ƙera ƙaramin tanderu mai ma'aunin zafi da injin niƙa, a kafa kusa da masu casar shinkafa, a horar da matasa su riƙe shi, ku kuma ku riƙa ɗibar samfur kuna aunawa. Ɓuntu shi ke hura wutar kansa. Idan an samu buhu mai hatimi wanda aka san abin da ke ciki, ni ne farkon mai saye.

Maganar yumɓu kuwa ta manyan kamfanoni ce, na sani, kuma ƙasar da ke da dutsen siminti jibge kamar tamu ba ta jin matsin da Ghana ta ji. Amma wa zai auna yumɓun Ƙanƙara da na Alkaleri da na sauran wurare, ya ce ga mai kawolin da ya isa, ga yawansa, ga nisansa daga masana'anta? Wa zai ɗauki sakamakon ya kai teburin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, a rubuta ƙa'ida, ya kai wa COREN, hukumar kula da aikin injiniya, da cibiyar NBRRI, wadda tun 1978 aka kafa ta don binciken gini da hanyoyi? Ni ba za a buɗe mini waɗannan ƙofofi ba. Ku za a buɗe wa. Akwai ma wani ƙaramin abu da ku kaɗai za ku iya warwarewa: ƙonannen yumɓu kan sa siminti ya yi ja-ja saboda ƙarfen da ke cikinsa, mutanenmu kuma da ido suke auna siminti, in bai yi toka-toka mai duhu ba sai su ce gauraye ne. Maganar farfesa a rediyo, da bangon da mutum zai je ya daka da guduma, su ne za su kawar da wannan.

Shi ya sa nake cewa ku fara da gidanku. Kowace shekara ana gina ajujuwa da ɗakunan kwana a jami'o'i da kuɗin TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu. A ware aji ɗaya a gina shi da matsattsen bulon jar ƙasa mai ɗan siminti kaɗan, wani kuma da bulo mai tokar ɓuntu, a rataya ma'aunin zafi a ciki da kuma a ajin da ke kusa na bulon yashi, a bar ƙofa a buɗe ga magina da masu gini. Gani ya kori ji. Talaka ya guji ginin ƙasa ne saboda ya ga yadda damina ke cin gindin bango, ya kuma ga masu kuɗi da gwamnati sun guje shi, ya koma ɗakin bulo da kwano inda ba a iya barci a bazara. Ranar da ya ga jami'a ta gina wa kanta da ƙasa, da harsashin dutse ko kankare da rufi mai baki da ke kare bango, ranar zai sake tunani.

Ban manta da halin da kuke ciki ba. Na ji yadda injin matse kankare kan lalace a rasa kuɗin gyara, yadda wuta kan ɗauke ana tsakiyar ƙona samfur, yadda malami kan sayi kayan gwaji daga albashinsa. Na ga yadda yajin aikin 2022 ya cinye wata takwas. Na kuma fahimci cewa ƙarin girma a aikinku da yawan maƙalun da aka buga ake auna shi, ba wanda ke ba malami maki don ya yini a filin bulo. Wannan gyara ne da shugabannin jami'o'i za su yi, kuma ina roƙonsu su yi. Kafin nan, akwai abin da ba ya cin ko sisi: duk ɗalibin da ya ɗauki bulo ko ya ari inji a wurin mai sana'a, kada a sa hannu a kundinsa sai ya koma ya faɗa wa mutumin abin da ya gano, da harshen da zai fahimta.

A nawa ɓangaren, na ware gefen filina na gabas, wajen da zai ɗauki bulo ɗari biyar, da inji ɗaya duk ranar Asabar, da yara biyu masu hannu. Yashi da ruwa a kaina. Na yi magana da abokan sana'a huɗu a unguwarmu, sun ce su ma za su bayar da nasu. Ragowar baƙar tokar nan ma na ajiye buhu ɗaya a rumfa, don duk malamin da ya zo ya fara ganin abin da muke ɗiba idan ba a nuna mana ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Wani mai buga bulo, daga Kano.